Littafi Ya Koma Waya, Mai Sharhi Ya Koma Ɗan Talla

Da manhajar OkadaBooks ta rufe shagonta a ƙarshen watan Nuwambar 2023, bayan shekara goma tana sayar da littattafai ta waya, marubutan Hausa sun yi ta jimami. Kukan kowa ɗaya ne: an rasa kasuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban ji wanda ya tashi ya ce ga littattafai goma da bai kamata su salwanta ba, ga kuma dalilinsa. Ba wanda zai iya faɗa, domin ba wanda ya zauna ya auna su tun farko. Muna rubutu fiye da kowane zamani, amma ma'aunin ya ɓace. Wannan, a ganina, shi ne ciwon adabinmu na yau, ba batsa ko satar fasaha da ake ta ɗaga murya a kansu ba.

Kwanakin baya na je Mahuta gaisuwa, na tarar da wata ƙanwata a tsakar gida, tana surfen masara da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan waya. Littafi take bi, kullum ana sako shafi ɗaya bayan la'asar. An ba ta shafuka goma na ɗanɗano kyauta, daidai inda kishiya ta shigo labarin sai aka yanke, aka ce mai son ci gaba ya biya. Ta aiki yaro wajen mai POS da naira ɗari biyar ta kuɗin ƙwai, ta tura shaidar biya, aka sa ta a zauren WhatsApp na waɗanda suka biya. Na ce mata, "Wa ya ce miki littafin yana da kyau?" Ta ce, "Yaya, ai kowa yabonsa yake yi." Na karɓi wayar na duba masu yabon. Rabinsu marubuta ne 'yan ƙungiyar mai littafin, kowace kuma a ƙarshen yabonta ta liƙa tallar nata.

Yadda aka zo nan ba boyayye ba ne. Tsadar takarda ta riga ta karya bayan maɗaba'a tun kafin darajar naira ta zube a 2023, masu shagon hayar littafi sun koma sayar da caja da katin waya, fim kuma ya kwashe da yawa daga cikin ƙwararrun alƙaluma. Waya ta cike gurbin. Amma da ta cike shi, sai ta haɗe ayyuka biyar a hannun mutum ɗaya: marubuciya ita ce edita, ita ce maɗaba'a, ita ce dillaliya, ita ce mai talla. Wanda ke riƙe da duk wannan ba ya neman mai gaya masa gaskiya, mai tura masa masu saye yake nema. Sai sharhi ya zama bashi: ki yabi nawa yau, in yabi naki gobe. Wanda ya kuskura ya ce labari ya yi rauni a tsakiya, an kira shi mahassadi, an cire shi daga zaure kafin magariba.

Abin takaicin shi ne wannan yanki namu na kudancin Katsina ya san wani abu daban. A shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi ne ya yayata laƙabin Adabin Kasuwar Kano, yana sukar littattafan soyayya ba sani ba sabo. Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ya buɗe wa muhawarar fili a jarida, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka shigo suna kare marubutan. An yi zafi, an ɓata wa juna rai. Amma albarkacin wannan rigima ce jami'o'i suka waiwayi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu wanda har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda daga nan Funtuwa ta mamaye ɗakunan matan Arewa. Suka ba ta kashe su ba, ita ta sa aka san da su a wajen kasuwa. Littafin da aka yi faɗa a kansa ba ya ɓata.

Illar rashin mai auna tana bayyana a jikin labaran kansu. Na farko, tsawo. Tunda kullum sai an sako shafi, kuma mai karatu na son ya ga kuɗinsa sun yi auki, labarin da ya isa ya ƙare a shafi arba'in sai a ja shi kamar ƙosai a bakin marowaci, har littafi na uku. Na biyu, masu karatu sun karɓe linzami. Idan zaure ya yi ca a kan a kashe kishiya ko a dawo da tsohon saurayi, washegari haka za a yi, ko da ya saɓa wa ginin labarin. Na uku, kuma shi ya fi damuna, ƙuncin jigo. Akwai masu rubuta labarin bincike, da na tarihi, da na aljanu, da na barkwanci, amma ba mai ɗauko su ya jera su kusa da na soyayya ya nuna wa mai karatu abin da kowanne ya ƙware a kai. Sai kowa ya bi hanyar da ta kawo kuɗi jiya: attajirin saurayi, gidan bene a Abuja, asibiti a ƙasar waje. Ƙasar da ta noma audugar da ta kafa masaƙa a Funtuwa, wadda manomanta ke biyan 'yan bindiga kafin su girbe gonarsu, da kyar za ka ga inuwarta a shafukan da 'ya'yanta ke karantawa.

Masu kare tsarin suna da hujja, ba zan hana su ba. Matar aure a Mahuta ko Bakori da ba ta san hanyar maɗaba'ar Kano ba, yau tana rubutu daga ɗakinta, kuɗi na shigo mata kai tsaye, ba ɗan kasuwar da zai riƙe mata ciniki wata shida. Ba ta kuma jiran izinin kowa, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda ya tuna yadda aka ƙona littattafai a Kano a 2007. Sun kuma ce gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, tana tace gwanaye. Gaskiya ne, sai dai gasar gajeren labari sau ɗaya a shekara ba za ta auna dubban dogayen littattafai ba, kuma 'yancin bugawa bai taɓa zama maganin rashin gyara ba.

Akwai kuma abin da ba a cika lissafawa ba. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtuwa da Malumfashi, na tsawon watanni. Duk mai bin littafi a waya ya tsaya cak inda aka bar shi, alhali tsohon kwafin Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933, yana nan cikin adaka ana juya shi. Ba za a iya buga duk abin da ke waya a takarda ba, sai an zaɓa. Wa zai zaɓa, kuma da wane ma'auni?

Aikin da ke jiran mu ba na hukumar tace littattafai ba ne. Na malaman Hausa ne a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma, da shirye-shiryen adabi a gidajen rediyo, da duk mai karatun da zai iya sayen littafi da kuɗinsa, ya karanta har ƙarshe, ya faɗi inda ya yi daɗi da inda ya yi salam, ba tare da ya karɓi ko sisi daga mai shi ba. Za a zage shi, kamar yadda aka zagi masu sharhi na farko. Amma ƙanwata da ke cire kuɗin ƙwai tana da haƙƙin ta ji ra'ayin mutum ɗaya da ba shi da haja a kasuwar.