Ɗan Hausa: Baturen da Ya Buɗe Makarantar Boko a Nasarawa

A unguwar Nasarawa ta Kano akwai wani tsohon gidan ƙasa mai zanko da katanga mai kauri, wanda kowa ya sani da Gidan Ɗan Hausa. Mutumin da aka laƙaba wa gidan sunansa ba Bahaushe ba ne, kuma asalinsa ba Ba'ingile ba ne. Sunansa Hanns Vischer, an haife shi a birnin Basel na ƙasar Siwizalan a shekarar 1876, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya fara shigowa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan na ƙungiyar CMS a farkon ƙarni na ashirin. Aikin bishara bai riƙe shi ba. A 1903 ya karɓi takardar zama ɗan Ingila, ya shiga aikin gwamnati, aka tura shi Barno a matsayin mataimakin razdan.

Abin da ya fara fito da sunansa tafiya ce. A 1906, da hutunsa ya ƙare, maimakon ya hau jirgin ruwa kamar sauran Turawa, sai ya sauka a Tarabulus ya haɗa ayari, ya ratsa hamada ta Murzuk da Bilma har Kukawa. Cikin ayarin akwai alhazai da ke neman hanyar gida da bayin da aka 'yanta. Sun sha ƙishirwa, sun yi karo da mahara, ya kuma rubuta labarin a littafin da ya fito a 1910. Wanda ya yi watanni yana kwana yana tashi da irin waɗannan mutane ba zai ji Hausa irin ta ofis ba, kuma shaidar da aka yi masa ke nan: yana jin harshen, yana sanin gaisuwa, yana girmama malamai.

Saboda haka da Gwamna Girouard ya nemi wanda zai tsara ilimi a Arewa, shi aka zaɓa a 1908. An tura shi Masar da Sudan da Gwalkwas ya ga yadda ake yi, ya dawo ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, a zamanin Sarkin Kano Abbas. Da malamai ya fara, waɗanda suka riga suka yi nisa a karatun addini, aka koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa don su zama masu koyarwa. Daga baya aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna, da sashen sana'o'i kamar kafinta da ƙira da dukanci. Da Hausa ake koyarwa. Yara na zaune a kan tabarma cikin rigunansu da hulunansu, ana tashi a yi salla, ba a raba su da karatun Larabci ba. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko, waɗanda su ne harsashin abin da muke rubutawa yau, ko da yake haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ sai a shekarun 1930 suka shigo.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Vischer ya ga abin da makarantun mishan suka haifar a bakin teku, samarin da suka iya Turanci suka raina gidajensu, ya ƙudurta cewa ba za a yi haka a Arewa ba. Na yarda da gaskiyar niyyarsa, kuma ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani a sami Bature da ke ganin malamin zaure a matsayin mai ilimi. To amma wannan taka-tsantsan ya yi daidai da buƙatar gwamnatin da yake yi wa aiki. Mulki ta hannun sarakuna yana son magatakardan En'e da ma'ajin baitulmali da hakimin da zai iya rubuta adadin haraji da jangali, ba ya son matashin da zai karanta jarida ya tambayi dalilin harajin. Don haka aka taƙaita Turanci, aka taƙaita yawan ɗalibai, aka fi buɗe ƙofa ga 'ya'yan masu sarauta. Turawan da kansu sun ƙiyasta makarantun allo kusan 25,000 a Arewa a lokacin, amma ba a ɗauki wannan babban gini an ɗora sabon ilimi a kansa ba. An yi ɗan ƙaramin ɗaki ne a gefe. 'Ya'ya mata kuwa sai wajen 1930 gwamnati ta waiwaye su. Ratar da ta buɗe tsakanin Kudu da Arewa a yawan masu karatun boko tana da dalilai da dama, amma wannan zaɓi yana cikinsu, kuma ba na ganin ƙaunar Hausa ta wanke shi daga alhakinsa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Kano, ya koma Turai ya yi aikin leƙen asiri na sojan Ingila. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilimi a Afirka, ya riƙe kujerar har 1939, wato abin da ya gwada a Nasarawa ya zama ma'aunin da aka auna wasu ƙasashe da shi. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926. Ya rasu a Ingila a 1945.

A Arewa kuwa, tsarin da ya dasa shi ya kai ga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai, aka kuma ba Turanci muhimmancin da bai samu ba a Nasarawa. Daga azuzuwanta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, su da 'yan tsirarun da nauyin karɓar mulki ya faɗa a wuyansu a 1960.