Tsohon Makirufo da Tsadar Jinyarsa

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa manyan ɗakunan ɗaukar murya na Turai da Amurka, inda ake lallaɓa wasu tsofaffin makirufo da suka haura shekara 60 a duniya, ana kashe musu kuɗin da zai sayi sababbi da dama.

Sarkinsu shi ne Neumann U47, wanda kamfanin Georg Neumann na birnin Balin ya fitar kasuwa a 1949. Da shi Frank Sinatra ya yi waƙoƙi masu yawa, da shi aka ɗauki muryoyin 'yan ƙungiyar Beatles a ɗakin Abbey Road na Landan. 'Yan dubbai kawai aka ƙera, aka daina a 1965. Yau mai lafiya a cikinsu yana kai dala dubu gommai, kuma samun mai sayarwa ma aiki ne.

To, me ke cinye kuɗin gyara? Na farko wani bawul ne mai jikin ƙarfe da ake kira VF14, ƙirar kamfanin Telefunken. Tun a wancan zamani Neumann kan gwada su ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ya ƙugi ya buga masa harafin M ya ajiye, sauran ya mayar. Kafin 1960 Telefunken ya rufe ƙera shi ɗungurungum. Saboda haka duk bawul ɗin da ya mutu yau ya rage adadin da ke duniya, kuma mai kyau guda ɗaya sai an ajiye dubban daloli. Neumann ya taɓa kawo madadinsa, wani ɗan ƙaramin bawul mai suna Nuvistor, amma injiniyoyi da yawa suka ce muryar ba ita ba ce.

Sai tantanin da ke amsar sautin. Yadda tantanin kalangu ke rawa idan an taɓa shi, haka wannan ke rawa da numfashin mai magana, sai dai ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma an shafe shi da ruwan zinariya. Na farko-farko, wato M7, da robar PVC aka yi su. Robar tana bushewa da shekaru, ta tsattsage, kaurin muryar ya zube. Ƙura da danshi da yawun bakin mawaƙa su kuma suna taruwa a kai har a fara jin ƙaras-ƙaras. Mu da muka san ƙurar hunturu ba ma bukatar dogon bayani a nan.

Ga inda mai makirufo ke shiga tsaka mai wuya. Masu iya sake ɗaura tantanin 'yan ƙalilan ne, galibi a Jamus da Amurka, don haka akwai kuɗin aikawa, da na inshora, da jiran watanni. Idan an sauya tantanin, kayan zai yi aiki, amma masu saye za su ce ba na asali ba ne, farashinsa ya faɗi. Idan an bar shi, ya zama kayan ado a akwati. A ganina, wanda ya ajiye shi don aiki ya gyara abinsa. Masu tara kayan tarihi ne ke sa mutane tsoron taɓawa.

Ba duka ne ke da wannan wahala ba. Irin su RCA 44 na shekarun 1930, ko Coles 4038 da injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1950, tantaninsu ɗan siririn zirin alminiyom ne a tsakanin maganaɗisu. Hura iska da baki kaɗai na iya lalata shi, amma sauya shi bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba.

Shi kansa kamfanin Neumann ya ga kasuwar. A 2018 ya sake ƙera U67, ƙanin U47 da ya fito a 1960, domin bawul ɗinsa, EF86, har yanzu ana samu. U47 mai bawul kuwa bai dawo da shi ba.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.