Haddar kombo ba ta cin wasa: abin da 'yan gem na Fagge da Sabon Gari ke mantawa

A shagunan gem na Fagge da Sabon Gari, inda a wurare da dama dokar ita ce wanda aka ci shi zai biya, akwai abin da yake yawan faruwa. Matashi ya kwana yana haddace kombo daga YouTube, ya maimaita shi a Tekken 6 ta manhajar PPSSPP a wayarsa har yatsunsa suka saba. Da ya karɓi pad, sai wani da bai iya komai ba face tarewa da gajeren naushi ya lallasa shi. Kuɗin data ya tafi, na wasa ma ya bi shi.

Dalilin a fili yake. Kombo ba ya farawa sai bugun farko ya shiga, kuma wanda ya iya tarewa ba zai ba da wannan ƙofar ba.

Wasannin faɗa irin su Tekken da Mortal Kombat suna tafiya ne a kan firam 60 cikin daƙiƙa guda. A Tekken, gajeren naushi yana fita cikin firam 10, yayin da yawancin bugun da ke cilla abokin karawa sama don fara kombo ke buƙatar 15. Idan aka tare irin wannan bugun, mai shi yakan tsaya a buɗe, a rama masa kyauta.

Don haka abubuwa huɗu ne ke gaba da kombo: tarewa, kula da tazara, ramawa idan abokin karawa ya kai bugu a iska, da kuɓucewa daga kamu.

Duk wanda ya taɓa kallon dambe a Ado Bayero Square da ke Sabon Gari ya san wannan. Ɗan dambe yana iya daɗewa yana auna tazara da hannun kariya kafin ya saki hannun da aka ɗaure. Mai gaggawa shi ke shan ƙasa.

Haka abin yake a matakin duniya. A 2019, Arslan Ash daga Lahore ta Pakistan ya lashe gasar EVO Japan, sannan ya doke Knee na Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe na EVO a Las Vegas. Kazumi, wadda ya yi fice da ita a Tekken 7, an san ta ne da gajerun bugu masu sauƙi, ba dogon kombo ba.

Mai son ci gaba ya zaɓi jarumi ɗaya, ya riƙe kombo guda mai sauƙi da ba zai kuɓuce masa ba, sauran lokacin ya ba wa tarewa da ramawa. Bayan kowace karawa ya tambayi kansa wane bugu ne ya fi shigarsa, ya koma sashen atisaye ya koyi maganinsa kafin ya sake sa kuɗinsa.