Ki Sa Wa Kwamfutarki Kwaɗo

Yau maganarmu a kan kulle kaya ce. Ba macen da za ta tafi unguwa ta bar adakarta a buɗe, alhali zinariyarta da kuɗin adashi suna ciki. To, amma da yawa cikinmu mun bar wata adakar ba kulle, watau kwamfuta.

Ki tsaya ki tuna abin da ke cikin taki. Akwai hotunan biki, har da waɗanda kika ɗauka cikin ɗaki ba mayafi. Akwai takardun asibiti, da lissafin sana'a da sunayen waɗanda kike bi bashi. In ke ma'aikaciya ce, akwai asirin mutane da aka ba ki amana.

Na san za ki ce, ai na sa kalmar sirri. Madalla, amma ita ƙofar zaure kaɗai take tsarewa, ɓarawo kuwa ta katanga yake haurowa. Duk abin da kika adana yana kwance a kan faifan ajiya a cikin kwamfutar. Wanda ya sace ta yana iya ciro faifan ya haɗa da wata kwamfuta, ya karanta kome, ba wanda zai tambaye shi kalma.

Ga abin da ya faru a Amurka. A watan Mayu na 2006 ɓarayi suka shiga gidan wani ma'aikacin hukumar kula da tsofaffin sojoji, suka ɗauke kwamfutarsa da faifan ajiya. A ciki akwai sunaye da ranakun haihuwa da lambobin shaida na mutum wajen miliyan 26 da rabi, ba a kulle ba. An samo kayan daga baya, amma duk da haka a 2009 hukumar ta yarda ta biya dala miliyan 20 don a kashe ƙarar da aka kai ta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganin abin shi ne kulle faifan gaba ɗaya. Kwamfutar za ta birkita kowane rubutu da kowane hoto su zama tarkacen lambobi marasa ma'ana. In kin kunna ta kin shiga da kalmarki, sai ta riƙa warware miki su nan take, ki yi aikinki yadda kika saba. Wanda ba shi da mabuɗi kuwa tarkacen kaɗai zai gani. Lissafin da ake yin wannan da shi sunansa AES, gwamnatin Amurka ta amince da shi a 2001.

Ba lalle sai kin sayi kome ba. A kwamfutar Windows sunan kwaɗon BitLocker, ya fito tare da Windows Vista. Cikakkensa yana cikin Windows Pro, amma Windows Home ma tana da sassauƙan irinsa a saiti, sashen tsaro, in kwamfutar tana iya ɗauka. Tun 2024 sababbin kwamfutocin Windows 11 da yawa suna kulle kansu da zarar mai su ya shiga da asusun Microsoft, don haka ki duba, wataƙila taki a kulle take ba ki sani ba. A kwamfutar Apple sunansa FileVault, tun 2011 yake kulle faifai dukansa. Akwai kuma VeraCrypt, kyauta ake samunta.

Kafin ki fara, ki kiyaye waɗannan.

Na farko, ki kwafi muhimman kayanki a wani faifan dabam, shi ma ki kulle shi. Sa'an nan ki jona kwamfutar da wuta, gama tsohuwa takan ɗauki sa'o'i kafin ta gama.

Na biyu, ki zaɓi kalma mai tsawo. Kada ki sa sunan ɗanki ko shekarar aurenki, kowa a unguwa ya san su. Ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna.

Na uku, kuma shi ne babba. Za a ba ki mabuɗin ko-ta-kwana, na BitLocker lambobi 48 ne. Ki rubuta shi a takarda da kyau, ki ajiye inda kike ajiye takardar filinki. Kada ki sa shi a jakar kwamfutar, wannan daidai yake da barin makulli a jikin kwaɗo. In kin manta kalmarki, ko kwamfutar ta nemi mabuɗin bayan gyara, kuma ba ki da shi ko'ina, kayanki sun tafi ke nan, ba gwanin da zai fito miki da su.

Na huɗu, in ta wurin aiki ce, kada ki taɓa sai kin tambayi mai kula da kwamfutocin ofishinku.

Kada kuma ki ɗora wa kwaɗon nan abin da ba aikinsa ba. Ƙarfinsa yana cika ne sa'ad da kwamfuta ke kashe. In za ki yi tafiya, ki kashe ta sarai, kada ki rufe murfi kawai. In kin bar ta a buɗe kin shiga kicin, duk wanda ya zauna zai ga kome. Ba ya kuma hana mugun saƙon intanet cutar da ke in kin buɗe shi da hannunki. Haka nan in kin ba mai gyara kalmarki, kin ba shi mabuɗin adaka, sai ki zauna a gyara a gabanki.

Ku 'yammatan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan, ku taimake su dubawa yau, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Sai wani mako.