Kakar 2019 ta Jami'ar Jihar Louisiana: Yadda Sauyin Salo Ya Kai Ta Ga Kambu

Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya bambanta da wanda aka saba gani a Turai da Afirka, domin galibi da hannu ake riƙe ƙwallon ana gudu da shi ko ana jefa shi, kuma ƙungiya tana samun maki shida idan ɗan wasanta ya kai shi yankin da ke ƙarshen filin abokan hamayya. Jami'o'i ne suke renon 'yan wasan kafin su shiga gasar ƙwararru ta NFL, kuma filin Jami'ar Jihar Louisiana da ke Baton Rouge, wadda aka fi sani da LSU, yana ɗaukar 'yan kallo sama da 100,000.

A kakar 2019 ƙungiyar ta buga wasa 15 ta ci dukkansu, ta kuma tara maki 726. Abin da ya fi cancantar nazari shi ne cewa yawancin 'yan wasan su ne dai waɗanda suka sha kaye sau 3 a kakar da ta gabata. Salon hari ne ya sauya. An daɗe da sanin LSU da dogaro kan ƙarfin jiki da gudu da ƙwallo, amma kocinta Ed Orgeron ya ɗauko matashin mai horarwa Joe Brady daga ƙungiyar New Orleans Saints, shi kuwa ya baza masu cafke ƙwallo a faɗin fili, har masu tsaron baya suka rasa wanda za su tsare. Wanda ya fi cin moriyar wannan tsari shi ne Joe Burrow, madugun hari, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane farmaki ya zaɓi wanda zai jefa wa. Burrow ya baro Jami'ar Jihar Ohio ne saboda bai samu gurbin farawa ba, kuma jifansa da suka haifar da maki shida sun tashi daga 16 a 2018 zuwa 60 a 2019, abin da ya ba shi kyautar Heisman ta gwarzon 'yan wasan jami'o'i.

Nasarar da ta fi faranta wa magoya baya rai ita ce doke Jami'ar Alabama da ci 46 da 41 a filin Alabama, bayan LSU ta sha kaye a hannunta sau 8 a jere. Daga nan ta lallasa Oklahoma da ci 63 da 28, sannan a ranar 13 ga Janairun 2020 ta doke Clemson da ci 42 da 25 a wasan ƙarshe na cin kambu a New Orleans, duk da cewa Clemson ta zo ne bayan cin wasa 29 a jere.

Sai dai ƙungiyar jami'a ba ta daɗewa a haɗe, domin 'yan shekaru kaɗan aka yarda ɗalibi ya buga. NFL ta ɗauki 'yan wasan LSU 14 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2020, Brady ya koma ƙungiyar Carolina Panthers, kuma a kakar da ta biyo baya ƙungiyar ta ci wasa 5 ta faɗi 5.