Murar tsuntsaye da fakat: cutar da ake sayowa a kasuwa

A watan Yulin 2008, masu binciken lafiyar dabbobi da ke ɗibar samfuri a kasuwannin kaji sun gano ƙwayar murar tsuntsaye ta H5N1 a Gombe da Birnin Kebbi. Abin da ya tayar da hankalinsu shi ne, wannan nau'in ya sha bamban da wanda ya fara ɓulla a gonar Sambawa ta jihar Kaduna a farkon 2006. Wato cutar ta sake shigowa ƙasar ta wata ƙofa.

Kasuwa ce matattararta. Dubi akurkin ɗan kaji a kasuwar Pantami ko Babbar Kasuwa a Gombe: kaza da zabo da agwagwa da tattabara, kowa daga ƙauyensa, suna shan ruwa a gwangwani ɗaya, kashin na sama yana zuba kan na ƙasa. Agwagwa kuwa tana iya ɗauke da ƙwayar ba ta ko langaɓe ba. Wadda ba a sayar ba sai ta koma gida da yamma, ta raba wa 'yan'uwanta abin da ta kwaso.

Ta haka fakat ma take yawo, cutar da ke share kajin gida lokacin hunturu. Da uwargida ta ga kaza ta sunkuyar da kai, tana koren zawo, sai a ba yaro ya ruga da ita kasuwa kafin ta faɗi. Mai saye yana murna ya samu araha, ashe annoba ya saya.

Sauran kajin kuma a ɓare musu jan kafso a ruwa, a haɗa da barkono. Asarar kuɗi ce. Kafso na kashe bakteriya, amma fakat da murar tsuntsaye bairus ne, wanda ke shiga cikin ƙwayar halittar jiki ya hayayyafa, maganin ba ya taɓa shi. Fakat tana da rigakafi da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa, ana ɗiga shi a ido. Murar tsuntsaye kuwa tana kama mutum. Ta kashe wata mata a Legas a Janairun 2007.

Don haka sabuwar kaza a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a kwata. In kaji suka fara zubewa a rana ɗaya, a kira malamin dabbobi kafin a nemi dillali.