Gundumar Budweis: Yadda Ƙidayar Jama'a Ta Raba Gari Gida Biyu

A kudancin Jamhuriyar Cek, inda kogin Malše ya haɗu da kogin Vltava, akwai birnin da Jamusawa ke kira Budweis, Cekawa kuma suna ce masa České Budějovice. Sarki Otakar na Biyu na Bohemiya ne ya kafa shi a 1265. Shekaru ɗaruruwa masu jin Jamusanci da masu jin harshen Cek suka yi a cikinsa, kasuwa ɗaya, coci ɗaya, ana auratayya, da yawansu kuma suna jin harsunan biyu.

A 1868 daular Ostiriya ta raba aikin mulki da na shari'a, ta tsara gundumomi, Budweis ta zama hedkwatar ɗaya daga cikinsu. Yankunan kotu huɗu ne a ƙarƙashinta: Budweis kanta, da Hluboká, da Lišov, da Trhové Sviny. Yawancin ƙauyukan gundumar na Cekawa ne, ban da wasu 'yan ƙauyuka masu jin Jamusanci da suka kewaye birnin.

Neman abinci ne ya fara sauya lissafin. A 1832 aka kammala layin dogo zuwa Linz, wanda dawakai ke jan taragunsa. A 1848 kamfanin fensir na Hardtmuth ya taso daga Viyana ya dawo nan. Masana'antu suka yawaita, 'yan ƙauye suka riƙa kwararowa neman aiki, kuma harshen Cek suka zo da shi.

Sai ƙidayar 1880 ta zo da wata sabuwar tambaya: wane harshe kake amfani da shi a harkokinka na yau da kullum? Amsa ɗaya tak aka yarda mutum ya bayar. Mai kantin da ke ciniki da Jamusanci, ya koma gida ya yi hira da iyalinsa da harshen Cek, dole ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. A wannan shekara birnin na da mutane kusan 24,000, rabi da rabi. Kafin 1910 sun kai kimanin 45,000, kusan kashi biyu cikin uku sun rubuta Cek. A ganina a nan ɓarakar ta fara, domin 'yan siyasar ɓangarorin biyu sun ɗauki waɗannan alƙaluma tamkar sakamakon zaɓe. Duk ƙidaya sai an matsa wa ma'aikata da 'yan haya lamba kan abin da za su rubuta.

Duk da rinjayen Cekawa, majalisar birnin ta ci gaba da zama a hannun Jamusawa har 1918, saboda nauyin ƙuri'ar mutum ya danganta da harajin da yake biya, masu kuɗin kuwa galibi Jamusawa ne. Cekawa, ƙarƙashin jagorancin lauya August Zátka, suka kama gina nasu: makarantu, ƙungiyoyi, har da kamfanin giya na Budvar a 1895 don gogayya da na Jamusawa. A 1914 an kai ga wata yarjejeniya ta raba rajistar masu zaɓe bisa ƙabila, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke kafin a aiwatar da ita.

Da aka kafa Cekoslobakiya a watan Oktoba na 1918, mulkin birnin ya koma hannun Cekawa. A ƙidayar 1930 Jamusawa sun koma 'yan tsiraru ƙalilan. Wasu jami'ai da sojoji sun tashi, haka ne, amma da yawa suna nan a gidajensu, amsar da suke ba malamin ƙidaya ce kawai ta sauya.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Yarjejeniyar Munich ta 1938, wadda ta miƙa wa Jamus yankunan Jamusawa na ƙasar, ba ta haɗa da birnin ba, amma sojojin Hitler sun shige shi a watan Maris na 1939. A 1942 aka kwashe Yahudawan garin zuwa sansanin Terezín, aka tarwatsa majami'arsu da nakiya. Bayan yaƙi, a 1945 da 1946, aka ƙwace dukiyar Jamusawa aka kore su, cikin kimanin mutum miliyan 3 da aka fitar daga ƙasar baki ɗaya. Iyalan da uba Bajamushe ne uwa kuma Baceka sun sha wuya ainun, don a lokacin abin da takarda ta ce game da ƙabilar mutum shi ke yanke ko zai zauna ko zai tafi.

Yau birnin shi ne babban birnin lardin Kudancin Bohemiya, da mazauna sama da 90,000, kusan dukkansu masu jin harshen Cek.